Ingilishi a kwalejojin Maraɗi: daga baki zuwa takarda

Koyar da Ingilishi a makarantun Nijar ya kusa zama tsaran ƙasar kanta. An samu mulkin kai a 1960, a 1962 kuma rukunin farko na ƴan Peace Corps daga Amurka ya sauka, kuma koyar da Ingilishi ne aikin da ya kawo su. Da yawa cikin malaman da suka koyar da mu, a hannunsu suka tashi. A lokacin kwalejoji ba su da yawa, duk suna manyan garuruwa. Yaron da ya ci satifika a Sae Sabuwa ko ƙauyukan Gazawa sai ya bar gida, a nema masa mai masauki a birni. Darasi kuwa na baki ne: malami ya faɗa, aji ya maimaita, a tashi biyu-biyu a yi gaisuwa da ciniki.

Littattafai ma sun yi zamaninsu. An yi amfani da English for French-speaking Africa, wanda aka rubuta don ƙasashe rainon Faransa baki ɗaya. Daga baya English for the Sahel ya zo, kuma har yau ina ganin ba mu taɓa samun kamarsa ba, domin yaro yana buɗe shi yake ganin duniyar da ya sani. Wanda ya riga ya san abin da labari yake magana a kai, kalmomi kaɗai suka rage masa.

Abin ya juya ne daga ƙarshen shekarun 1990, da aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka koma na kwantiragi. Kwalejoji suka bazu a karkara, a Agye da Gidan Rumji da sauransu, kuma wannan alheri ne babba, musamman ga ƴan mata da iyaye ba za su tura birni ba. Sai dai azuzuwa da yawa na zana ne, ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara. Littafi ya yi ƙaranci, matashin malami kuma sau da yawa ana ba shi alli ba tare da horo ba. A watan Janairun 2011 ƴan Peace Corps suka bar ƙasar saboda rashin tsaro. Shekarun da aka yi an jingine jarrabawar satifika suka ƙara cika ajin farko na kwaleji da yaran da Faransanci bai zauna musu ba.

Nan ne jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji ta karɓe ragamar darasi. Malamin da ba shi da littafi, tsofaffin takardun jarrabawa ne madogararsa. A ajin ƙarshe, rabin awa na tafiya wajen kwafe labari daga allo zuwa kaye, na baya suna miƙe wuya. Sauran lokacin na nahawu ne: juya jimla daga mai aikatawa zuwa wanda aka aikata wa, mayar da maganar wani zuwa rahoto, haddace aikatau masu saɓa ƙa'ida. Yaranmu gwanayen hadda ne, makarantar allo ta horar da su, don haka wannan ɓangaren suna cinye shi. A fahimtar karatu ake gane gaskiya. Ɗalibi zai duba tambaya, ya tsinci kalma guda, ya bi labarin da yatsa har ya same ta, ya kwafe jimlar duka. Wani lokaci ya dace ya sami maki. Ka ce ya gaya maka da Hausa abin da ya faru a labarin, sai ya sunkuyar da kai. Wannan yana ci mini rai, domin ba basira ya rasa ba. Ana bayyana masa baƙon harshe ne da wani baƙon harshen, wato Faransanci.

Alhali Ingilishi bai yi mana nisa ba. Daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina tafiya ce ta hantsi. Ta wannan hanya Brighter Grammar da littattafan tambayoyin WAEC suke shigowa jakar malamai. A 2013 aka buɗe Jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi, inda ake karatu da Ingilishi. Daga 2019 kuma ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo yankin Gidan Rumji, wasu yaransu da ɗan Ingilishin firamare a bakinsu.

Sabon kundin dokar ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Malamai da dama sun daɗe suna rage murya su fassara labari da Hausa idan sufeto ba ya nan. Ni ina so a yi shi a sarari, a shigar da shi horon malamai: a karanta labari, yara su ba da shi da Hausa, sannan a koma kan tambayoyi da nahawu. Kuma a buga gajerun labarai masu araha, ko takarda ɗaya ga kowane benci, don rabin awar da kwafe ke cinyewa ta koma ta karatu.