Daga Sunan Kamfani Zuwa Sunan Kaya: Tarihin Wasu Kalmomin Aro a Hausa

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro tun bayan zuwan Turawa, akwai wani rukuni da ba a cika waiwayarsa ba, wato sunayen da kamfanoni suka laƙaba wa hajarsu, amma Bahaushe ya mai da su sunan kayan baki ɗaya. Ta kanti da kasuwa waɗannan kalmomi suka shigo, kuma da ka aka ɗauke su, shi ya sa suka bi tsarin sautin Hausa sau da ƙafa. Caterpillar, kamfanin Amurka da aka kafa a 1925, ya koma katafila, watau kowace irin motar ture ƙasa, har wasalin ƙarshe ya jefa kalmar cikin jinsin mace. Macleans ya zama makilin, Omo kuwa ya haɗiye duk wani garin sabulu.

Sai dai labarin magi ya fi sauran armashi. Kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da dunƙulensa a 1908, daga baya ya shiga hannun Nestlé a 1947. Da dunƙulen ya iso tukunyar Bahaushiya, ya tarar da daddawa, ya rage mata fada. Sunan ya zauna daram, ta yadda da Ajinomoto na Japan ya shigo, ba a wahalar da harshe ba, sai aka ce farin magi. Wannan siffantawa ita ce babbar shaidar cewa kalmar ta bar hannun mai ita, domin mai son na ainihin ma sai ya ƙara wa mai tebur bayani, ya ce a ba shi mai tauraro.