Bakteriya da Garkuwar Jiki a Daɗaɗɗen Kumburin Kogunan Hanci: Waiwaye Daga Ƙofar Dumi, Bauchi

Tsakure: Maƙalar tana kafa hujjar cewa abin da ke dawwamar da kumburin kogunan hanci ga manya shi ne martanin garkuwar jiki ga bakteriya, don haka maimaita shan antibayotik ba ya kai wa ga waraka.

A Ƙofar Dumi da sauran unguwannin cikin ganuwar Bauchi, da zarar hunturu ya kankama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, akan ji magidanci yana cewa mura ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ya nufi kemis ya sayi Ampiclox. Sau da yawa abin ya wuce mura. Bisa ƙa'idar ƙwararrun Turai ta EPOS 2020, toshewar hanci ko zubar majina, haɗe da nauyin fuska ko raguwar jin ƙamshi, idan suka kai mako 12, sun zama daɗaɗɗen kumburi, wanda ake tabbatarwa da madubin leƙa hanci ko hoton CT.

Fatar cikin kogunan tana da ƙananan gasu masu kora majina waje. Busasshiyar iska da ƙura da hayaƙin itace suna raunana wannan shara, majina ta kwanta, bakteriya irin su Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa su yi dafifi cikin wani yauƙi da suke lulluɓe kansu da shi, wanda magani ke shan wuya kafin ya ratsa. A nan ne cutar ke sauya kama. A 2001 Claus Bachert da abokan aikinsa a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka gano sinadarin garkuwar jiki na IgE mai yaƙar dafin Staphylococcus a cikin tsiron hanci. Dafin yana zuga fararen ƙwayoyin jini masu ɗimbin yawa lokaci guda, sinadarin IL-5 ya ƙaru, fararen ƙwayoyin jini nau'in iyosinofil su taru, fata ta kumbura ta toshe mafitar kogon. Ko an rage bakteriyar, wutar da ta kunna tana ci gaba da ci, kuma wannan ne ya sa majiyyaci ke komawa gidan jiya bayan kammala ƙwayoyinsa.

Mai suka zai ce ai ana samun bakteriya a majinar majiyyata, kuma suna jin sauƙi idan sun sha magani. Gaskiya ne, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da Staphylococcus aureus a hanci ba tare da ciwo ba, saboda haka ganinta a ɗakin gwaji bai isa hujja ba. Sauƙin da ake ji kuwa na lokacin da ciwon ya motsa da ruɓa da zazzaɓi ne, inda antibayotik ke da gurbinsa. Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cewa binciken Turai ba lallai ya dace da Bauchi ba. Na yarda da ita. A 2008 Nan Zhang da abokan aikinta sun nuna cewa tsiron hancin majiyyatan kudancin Sin ya fi cika da fararen ƙwayoyin jini nau'in nutrofil, saɓanin na Beljiyam, a Sudan kuma an daɗe da sanin naman gwarin Aspergillus flavus a kogunan hanci. Sai dai wannan bambanci yana ƙarfafa hujjarmu ne, domin idan martanin jiki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, dole a san irinsa kafin a zaɓi magani.

Ta fuskar magani kuwa, Dupilumab, allurar da Amurka ta amince da ita a 2019 don masu tsiron hanci, ta fi ƙarfin aljihun talaka. Wanke hanci da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce da feshin sitiroyid, waɗanda su ne matakin farko a EPOS, ba su da wannan tsada, kuma mai shaƙa ruwa da facewa a alwala ba zai ga wankin baƙon abu ba. Wanda ya cika mako 12 bai samu sauƙi ba, wurinsa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda nazarin tsokar da aka ciro a tiyata zai iya nuna ko iyosinofil ne ko nutrofil suka fi yawa.