Itatuwan gona da kare halittu a karkarar Kano

A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, gona na manne da gona, daji kuwa ya yi ƙaranci. Duk da haka ƙasar ba ta rasa itatuwa ba, domin manoma ne da kansu suke barin ɗorawa, tsamiya, kuka da kanya a tsakiyar gonakinsu, kowace bishiya da mai ita. Masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan ba.

A cikin itatuwan gona, gawo ya fi ban sha'awa. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana; da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa.

A matakin duniya kuwa, yarjejeniyar kare halittu ta Kunming-Montreal ta Disamban 2022 ta sa burin kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku nan da 2030, ta kuma amince da haƙƙin al'ummomi kan filayensu na gado. Barazanar da itatuwan karkarar Kano ke fuskanta yanzu ita ce yanka gonaki fuloti-fuloti da cinye burtali.