Ƙurar Hunturu da Mangalar Jaki: Asalin Albarkar Ƙasar Kano

A Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, abin da ido ke gani kwalta ne da siminti. Amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta girmi ganuwar birni nesa ba kusa ba, kuma ba dare ɗaya ta samu ba.

Can ƙasa tsohon dutse ne, wanda ruwan sama da zafi suka yi ta ci har ya ruɓe ya zama jar ƙasa da marmara. Dala da Goron Dutse ragowar wannan ne, kuma tamar da ke jikin Dala ce ta jawo maƙeran Abagayawa daga Gaya, kamar yadda aka gada. Daga baya iska ta karɓi aikin. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce hamada ta gangaro kudu, ta shimfiɗa rairayi a kan arewacin ƙasar Hausa, wanda shi ne tushen jigawar da muke nomawa. Har yau iskar ba ta huta ba. Yawancin hazon hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki, kuma ƙurar da matan Fagge ke sharewa kullum safiya tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so.

A ƙasashen ciyawa masu sanyi, irin su Yukren, saiwar ciyawa kan mutu duk shekara ta ruɓe sannu a hankali, har baƙar ƙasa mai kauri ta taru. Namu dajin bai samu wannan gata ba. Rana da gara da gobara sukan cinye ruɓin kafin ya kwanta. Shi ya sa jigawa take da daɗin huɗa amma take saurin gajiya.

To, yaya aka yi karkarar Kano, da ta burge matafiyi Heinrich Barth a 1851, take ba da gero da dawa shekara bayan shekara ba tare da an bar gona ta huta ba? Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya fara bin diddigin wannan tun shekarun 1960, kuma abin da ya tarar kowane manomi ya sani: taki. A da, da rani jakuna kan shigo birni da itace, su fita da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. Fagge kuwa a da zangon fatake ce, inda raƙuman Azbinawa da jakunan ayari ke sauka a bayan ganuwa, kuma inda dabba ta kwana ba a rasa juji. A gona a jera takin tsibi-tsibi a jira ruwa. A sa wake a tsakanin hatsi, harawarsa ta tafi ga tumaki, kashinsu ya dawo gona. Fulani su kwana da shanu a kan kara bayan girbi. Gawo ma, da ke zubar da ganyensa da damina, ba a sare shi. A ganina nan ne ainihin albarkar take: gumin mutane ne ya gina ta, kuma bai kamata a riƙa kiranta sa'a ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, dalar gyaɗa ta tashi, sai ƙasar ta fara ciyar da kasuwar Turai ma, abin da ya fita cikin buhu kuma ba ya dawowa juji.

Yau masu lambu a Kwakwaci suna nan suna noman latas da alayyafo a fadamar Jakara, sai dai ruwan da suke ban ruwa da shi dagwalon gari ne. Sharar birni ma har yanzu tana zuwa gona, a mota maimakon jaki, amma sai manomi ya tsince leda da fasassun kwalabe kafin ya baza ta.