Kalma Ɗaya, Gida Biyu: Nazarin Kalmomin Ingilishi na Muhalli da Halayyar Ɗan Adam a Jarrabawar IELTS

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu shirin jarrabawar IELTS, musamman Hausawa, ke tara kalmomin Ingilishi na fagen ilimi a kan jigogi biyu da ke yawan fitowa a takardar karatu: muhalli da halittunsa, da kuma halayyar ɗan Adam. An bi hanyar bitar ayyukan masana tare da ƙwanƙwance ma'anar wasu zaɓaɓɓun kalmomi. An nuna cewa raba kalmomi jigo-jigo, kamar yadda littattafan shiri suka saba yi, yana ɓoye wa ɗalibi kalmomin da ke zaune a fannonin biyu da ma'ana daban-daban. An kuma nuna cewa tarbiyyar hadda da Bahaushe ya gada tana da madogara a binciken ƙwaƙwalwa, muddin aka gyara abin da ake haddacewa.

Gabatarwa

Tun 1989 ake yin jarrabawar IELTS, wadda British Council da IDP da Cambridge suka mallaka tare. A ɓangaren masu neman jami'a, takardar karatu tana ɗauke da matani uku da tambayoyi 40, a cikin minti 60, kuma ba a shiga da ƙamus. Jimillar kalmomin matanin takan kama daga 2,150 zuwa 2,750. Ana ɗauko su daga littattafai da mujallu da jaridu waɗanda aka rubuta wa wanda ba gwanin fannin ba, shi ya sa labarin ƙudan zuma, ko zaizayar ƙasa, ko yadda jariri ke gane fuskar uwarsa suke yawan bayyana. Batutuwa ne da kowa zai iya bi in dai yana da kalmomin.

Kalma nawa ke nan? Binciken Hu da Nation na 2000 ya nuna mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin matani kafin ya fahimce shi ba da taimako ba. A 2006 Paul Nation ya ƙiyasta cewa hakan na nufin dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma haɗe da sigogin da ake ƙira daga gare ta. A takarda mai kalma 2,500, wanda ya kai kashi 98 zai ci karo da baƙin kalmomi 50. Wanda ya tsaya a kashi 95 zai gamu da 125. Tazarar kashi uku ce a lissafi, amma a ɗakin jarrabawa ita ce tsakanin mai tafiya da mai lalube.

Bitar ayyukan da suka gabata

Aikin da aka fi dogaro da shi a wannan fage shi ne jerin da Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyu Zilan ta fitar a 2000. Ta tace matani masu kalma miliyan 3.5 daga fannoni 28, ta fitar da dangin kalmomi 570 waɗanda ba sa cikin 2,000 na yau da kullum da Michael West ya jera a 1953. Waɗannan 570 su ne kusan kashi 10 na duk rubutun jami'a, kuma fiye da kashi 80 nasu daga Latin da Girkanci suka samo asali. A ciki akwai *environment* da *psychology* da *erode* da *bias* da *stress*.

A 2007 Hyland da Tse suka soki wannan tsari, suka ce kalma ɗaya takan sauya ma'ana da abokan tafiya daga fanni zuwa fanni, don haka babu wani jeri guda da zai wadatar da kowa. A ganina sukar tana da ƙarfi, sai dai ba ta rushe aikin Coxhead ba; ta dai nuna inda aikin ya tsaya. Daga nan wannan nazari ya ɗora.

Kalmomin da ke da gida biyu

A ɗauki *depression*. Kusan duk ɗalibin da na tambaya a aji yakan ce ciwon damuwa ne, kuma ya yi daidai, domin a shafin kalmomin halayyar ɗan Adam ya haddace ta. Wata rana na ba su wani matani a kan ƙurar hunturu. Ya yi bayanin Bodele da ke arewacin Cadi, wani faffaɗan kwari da ya rage daga tsohon Tafkin Cadi, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙura, ita ce hazon da ke rufe Kano da Damagaram, wani kason ma har ya tsallaka teku zuwa dajin Amazon. Matanin ya kira wurin *Bodélé Depression*. Na ga wata ɗaliba ta ja layi a ƙarƙashin kalmar, ta rubuta "damuwa" da fensir a gefe, sannan ta shiga neman inda aka ambaci mutanen da ƙurar ta sa wa damuwa. Minti huɗu ta ɓata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a lokacin hazon yana nan a bakin taga, leɓunanmu duk sun tsage. Ta fi marubucin sanin abin da ake magana a kai. Kalmar da take ganin ta mallaka ce ta yaudare ta. Kuma ba ta ƙare a nan ba: a hasashen yanayi *depression* yanki ne da nauyin iska ya ragu, mai kawo hadari, a tattalin arziki kuwa karayar kasuwa ce irin ta 1929. Saiwar guda ce, ta Latin, mai nufin dannawa ƙasa. Wanda ya riƙe wannan saiwa zai hango ma'anonin huɗu daga wuri ɗaya.

Irin wannan ba ɗaya ba ce. *Stress* a wajen mutum matsi ne na rai, a wajen gero kuwa wahalar da rashin ruwa ko zafi ke jefa shi ciki. *Resilience* ta shahara a ilimin muhalli bayan maƙalar C. S. Holling ta 1973, tana nufin yadda daji ko tafki ke shanye bugu ba tare da ya rikiɗe ya zama wani abu ba. Masana halayya kuma suna amfani da ita ga yaron da ya taso cikin ƙunci ya fita lafiya. *Adaptation* tana iya ɗaukar dubban shekaru in raƙumi ake nufi, ko 'yan mintuna in ana maganar ido a cikin duhu. *Culture* al'ada ce, kuma ƙwayoyin cuta ne da aka rena a faranti.

Kalmar *nature* kanta haka take. Tun kafin Francis Galton ya haɗa ta da *nurture* a littafinsa na 1874 take nufin halin da aka haifi mutum da shi, ba itatuwa da koguna kaɗai ba. Mai Larabci ba zai yi mamaki ba, domin kalmar da muka aro muka mayar "ɗabi'a" tana ɗauke da duka biyun a gidansu. Mu ne muka riƙe hali muka bar ɗayar.

Akwai rukuni na biyu, wato kalmomin da ke auna ƙarfin magana, kamar *suggest* da *indicate* da *prove* da *tend*. Tambayoyin da ake cewa a zaɓi gaskiya ne, ko ƙarya ne, ko ba a ambata ba, sau da yawa a kansu suke rataye. Bahaushe ya san bambancin "wai" da "lalle", abin da ya rage a nuna masa takwarorinsu.

Hadda da tilawa

Ana yawan zargin ɗalibanmu da hadda, kamar ita ce cutar. Binciken ƙwaƙwalwa bai goyi bayan wannan zargi baki ɗaya ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya. A 2008 Karpicke da Roediger suka wallafa wani gwaji a mujallar Science: ɗalibai suka koyi kalmomin Suwahili 40 da ma'anarsu a Ingilishi. Bayan mako guda, waɗanda aka ci gaba da tambaya su kawo amsa da ka sun tuna kusan kashi 80. Waɗanda aka daina tambayarsu da zarar sun ci kalma sau ɗaya sun tsaya a kashi 33 zuwa 36, ko da wasunsu sun ci gaba da duba takarda. Sake dubawa bai ƙara komai ba. Fito da abu daga ka shi ya kafa shi.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan tsari a jikinsa. Ana rubutawa, a biya, a kife allo a kawo da ka, a wanke, sannan a riƙa komawa baya da tilawa kada na da ya zube. Ba a kuma haddace kalma ita kaɗai. Da abin da ke gabanta da bayanta ake riƙe ta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ɗalibin IELTS ke yarwa idan ya tsaga takarda gida biyu, Ingilishi a hagu, Hausa kalma guda a dama.

Saboda haka abin da zai hau kati shi ne guntun jimla. A fuskar katin *depression* a rubuta *clinical depression* da *a shallow depression in the ground* da *a tropical depression*, a baya kuma saiwar da ma'anar kowace da Hausa, tare da 'yan uwanta da ɗafa-goshi ya raba su, irin su *compress* da *suppress*. Sai a bi tsarin akwatuna da Sebastian Leitner ya bayyana a 1972: katin da aka ci ya matsa akwati na gaba, inda za a daɗe kafin a waiwaye shi, wanda aka faɗi ya koma na farko. Katin mai gida biyu ba ya matsawa sai ɗalibi ya kawo ma'anonin duka da baki, kafin ya juya shi.