Yawan katsewar Wi-Fi a gida: dalilai da hanyoyin gyara

Wi-Fi hanya ce ta haɗa waya, kwamfuta ko talabijin da intanet ba tare da igiya ba, ta hanyar siginar rediyo mai gajeren zango. An fitar da ƙa'idarsa ta farko, mai lamba 802.11, a shekarar 1997, sunan Wi-Fi kuma ya fito a 1999. A yau gidaje da shaguna da dama a Yamai, Maraɗi, Garwa, Marwa, Njamena da Kumasi suna da ɗan akwatin da ke raba intanet, wanda wasu ke kira rauta, wasu modem, wasu kuma boks.

Ƙorafin da aka fi ji game da wannan akwati shi ne yawan katsewa. Ana cikin kiran ɗan'uwa da ke wata ƙasa ta WhatsApp sai murya ta ɗauke, ko ana tsakiyar tura kuɗi sai shafi ya tsaya, mai turawa bai san ko sun tafi ba. Wasu sukan yi gaggawar sayen sabon akwati, su tarar matsalar tana nan, domin tun farko ba daga akwatin take ba.

Gaɓoɓi biyu na haɗin

Intanet ɗin gida gaɓa biyu gare shi. Ta farko tana tsakanin waya ko kwamfuta da akwatin, ita ce Wi-Fi. Ta biyu tana tsakanin akwatin da kamfanin sadarwa, ta katin SIM na 4G ko 5G, ko ta igiyar faiba, ko ta tauraron ɗan Adam. Kowace tana iya katsewa ɗayar tana lafiya. Saboda haka aikin farko shi ne gane wadda ta katse.

Idan alamar Wi-Fi ta ɓace daga saman waya, ko sunan akwatin ya fita daga jerin da wayar ke gani, matsalar tana cikin gida. Idan alamar tana nan cike amma shafuka ba sa buɗewa, galibi layin kamfani ne. Idan kuma waya ɗaya ce ke katsewa sauran suna aiki, ita wayar za a bincika.

Mai kwamfutar Windows yana iya tabbatarwa da umarnin ping. Ya buɗe tagar umarni ta cmd, ya rubuta ping 192.168.1.1 -t, ko adireshin da ke rubuce a ƙarƙashin akwatinsa: wasu 192.168.0.1 ne, na Huawei masu SIM kuma galibi 192.168.8.1. A wata tagar ya rubuta ping 8.8.8.8 -t, wanda adireshin Google ne. Sai ya jira katsewar. In duka biyun sun daina amsawa, laifin na cikin gida ne. In na akwatin yana amsawa amma na Google ya yi shiru, daga waje ne.

Wutar lantarki da caja

A yankunan da wuta ke yawan ɗaukewa ko raguwa, nan ya kamata a fara dubawa. Ƙiftawar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe akwatin, shi kuma yana buƙatar minti ɗaya zuwa uku kafin ya gama tashi. Alamar hakan ita ce fitilun akwatin su mutu gaba ɗaya, sannan su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ana yawan ganin haka lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, ko lokacin da firji ko injin jan ruwa ya tashi a kan layi ɗaya da akwatin.

Caja ma tana gajiya. Yawancin akwatunan gida suna aiki da bolt 12, wasu da bolt 9 ko 5, kuma an rubuta abin da kowanne ke buƙata a jikinsa. Cajar da za a maye gurbin tsohuwa da ita dole bolt ɗinta ya zo daidai, amfiya kuma ta kai abin da aka rubuta ko ta fi. Cajar amfiya 1 a kan akwatin da ke neman amfiya 2 za ta kunna shi, amma da zarar mutane sun hau da yawa sai ya mutu ya sake tashi. A kuma duba bakin cajar da soket, domin sako-sako kaɗan yana jawo irin wannan.

Akwatin ba ya cin wuta da yawa, galibi bai wuce wat 6 zuwa 15 ba. Don haka ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa musamman domin rauta, ko layin sola na gida, yana iya riƙe shi na awanni, kuma yana kawar da matsalar ƙiftawar wuta.

Zafi da ƙura

Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa akwatunansu na aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai, Njamena da Marwa yakan wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Akwatin da ya yi zafi yakan rage gudu ko ya kashe kansa. In katsewar ta fi yawa daga azahar zuwa la'asar, ta kuma lafa da dare, zafi ne abin zargi.

Kada a ajiye shi a taga inda rana ke duka, ko a kan talabijin da dikoda, ko cikin kabad. Kada a rufe shi da ƙyalle don gudun ƙura, domin hakan yana toshe ramukan shan iska. A lokacin hunturu a riƙa kashe shi ana kakkaɓe ramukan da busasshen buroshi. Ƙananan na'urorin aljihu masu batir, irin su MiFi, sun fi saurin zafi idan suna kan caji dare da rana. Batirin da ya kumbura haɗari ne, yana iya kama wuta, a daina amfani da shi nan take.

Wurin ajiye akwatin

Siginar Wi-Fi tana raguwa da nisa da kuma abin da ta ratsa. Ƙarfe ya fi komai tare ta: ƙofar ƙarfe, kwano, kankare mai rodi, da madubi. Katangar ƙasa mai kauri da tankin ruwa ma suna shanye ta. A gida mai tsakar gida da ɗakuna kewaye, akwatin da aka sa a ƙuryar ɗaki ɗaya sai siginarsa ta ratsa katanga uku ko huɗu kafin ta kai ɗakin ƙarshe.

Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar gida, a sama kamar tsayin mutum, nesa da ƙasa da kayan ƙarfe, eriyoyinsa a tsaye. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm. Lamba kusa da -50 tana da kyau ƙwarai, -67 ta isa kiran bidiyo, daga -80 zuwa ƙasa kuma katsewa ba makawa. Inda gida ya yi girma, jan igiyar intanet zuwa akwati na biyu ya fi na'urar ƙara sigina aminci, domin ita takan rage gudu da kusan rabi, kuma ba ta da amfani idan an sa ta inda siginar ta riga ta yi rauni.

Cunkoson tashoshi

Wi-Fi yana aiki ne a manyan zanguna biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi nisa da ratsa katanga, amma ya fi cunkoso. Tashoshinsa 13 ne a yawancin ƙasashe, sai dai suna hawa kan juna. Uku ne kawai, wato 1, 6 da 11, ba sa shiga hurumin juna. Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma a wannan zango suke. A gidan haya mai ɗakuna da yawa ko a kasuwa, inda kowa ke da akwatinsa, siginoni sukan yi karo.

Gyaran yana cikin shafin saitin akwatin. A rubuta adireshinsa a burauza, a shiga da suna da lambar sirrin da ke jikinsa, a nemi sashen Wi-Fi. A akwatunan da ke da Faransanci, wurin yana ƙarƙashin «Canal». A gwada 1, 6 ko 11, kowace na kwana ɗaya, a bar faɗin tasha a kan 20 MHz. Na'urorin da ke kusa da akwatin a mayar da su 5 GHz idan yana da shi. Wasu akwatunan suna haɗa zangunan biyu a suna ɗaya, waya ta riƙa tsalle tsakaninsu tana katsewa. Ba wa kowanne sunansa daban yana magance wannan.

Yawan masu hawa

Kowane akwati yana da iyakar na'urorin da zai ɗauka. Na aljihu galibi 10 ne zuwa 16, na tebur masu SIM kuma da yawansu 32. Tun kafin a kai iyakar, mutum biyu ko uku masu kallon bidiyo ko sauke fim suna iya cinye layin, sauran su ga kamar ya katse. Shafin saiti yana nuna jerin duk wanda ke kai. In an ga baƙin na'urori, a sauya lambar sirri da mai haruffa da lambobi aƙalla 12. A zaɓi tsarin tsaro na WPA2, ko WPA3 wanda ya fito a 2018, a guji tsohon WEP da ake fasawa cikin mintoci. A kuma kashe WPS, wanda aka gano rauninsa tun 2011. Wasu tsofaffin wayoyi ba sa jituwa da WPA3; in hakan ta faru a koma WPA2.

Idan na'ura ɗaya ce ke katsewa

A sa wayar ta manta da Wi-Fi ɗin, a sake shigar da lambar sirri. A kashe tsarin tattalin batir, domin yakan tsinke haɗin idan fuskar waya ta mutu. Wayoyi da yawa suna da saitin komawa data ta SIM da kansu in Wi-Fi ya yi rauni, wanda ke kama da katsewa, yana kuma cin kuɗi; a kashe shi. A kwamfutar Windows, a shiga saitin katin Wi-Fi a cire izinin da ke ba kwamfuta damar kashe shi don tattalin wuta, a kuma sabunta manhajarsa. Manhajar VPN da ta tsaya ma tana hana shafuka buɗewa alhali haɗin yana lafiya.

Idan daga layin kamfani ne

A akwati mai SIM, a fara duba ko data ta ƙare, ko an kai iyakar da kamfani ke rage gudu. Sannan a duba ƙarfin rezo. Shafin saiti na akwatuna da yawa yana nuna ma'aunin RSRP: -80 yana da kyau, ƙasa da -110 rauni ne. Matsar da akwatin kusa da tagar da ke fuskantar turken sadarwa, ba tare da rana ta doke shi ba, yakan kawo sauyi. In yana yawo tsakanin 4G da 3G, a tsayar da shi a kan ɗaya. In gudun yana faɗuwa ne kullum bayan magariba, cunkoso ne a turken unguwa, kuma ba abin da saitin gida zai gyara.

Mazauna bakin iyaka suna da tasu matsalar. A garuruwa irin su Kusiri da Njamena, waɗanda kogi ne ya raba su, ko Birnin Ƙonni da Illela, SIM yana iya kama rezon ƙasar maƙwabta, data ta tsaya ko a caji mutum kuɗin ƙetare. Maganin shi ne a cire zaɓin rezo na kai tsaye, a zaɓi kamfanin da hannu, a kuma kashe datar ƙetare, wadda ake rubutawa «Itinérance».

A akwatin faiba, jar fitila a kan LOS tana nufin haske ba ya isowa, wato igiya ta karye, ta lanƙwashe ko ta zare. Kada a leƙa bakin igiyar da ido, kada kuma a yi ƙoƙarin ɗaure ta. Aikin ma'aikatan kamfani ne. Farantin tauraron ɗan Adam irin na Starlink yana buƙatar buɗaɗɗen sama, reshen itace ko ruwan sama mai ƙarfi suna katse shi na ɗan lokaci.

Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin kamfanin kansa. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama ciki har da Ghana, Najeriya da Kodebuwa. Nijar da Cadi ba su da teku, layukansu na faiba suna bi ne ta ƙasashen maƙwabta, don haka tsinkewar igiya a wata ƙasa tana iya shafar gida a Zinder ko Abeshe. Tambayar maƙwabcin da ke kan kamfani ɗaya tana nuna ko abin na kowa ne.

Sake kunnawa da mayar da saiti

Sake kunnawa da mayar da saitin asali abubuwa ne daban. Na farko shi ne zare caja, a jira daƙiƙa 30, a mayar. Ba ya goge komai, kuma yana da kyau a yi shi lokaci-lokaci. Na biyu shi ne danna ɗan ramin da ke bayan akwatin da tsinke na kimanin daƙiƙa 10. Wannan yana goge sunan Wi-Fi, lambar sirri da bayanan shiga na kamfani, irin su APN ko PPPoE. Kafin a yi shi a rubuta waɗannan bayanai a takarda. Sabunta manhajar akwatin ma yana gyara wasu katsewar, amma a yi shi lokacin da wuta take tsaye, domin ɗaukewarta a tsakiyar aikin tana iya kashe akwatin gaba ɗaya.

A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a kuma rubuta ranar da sa'ar da kowace katsewa ta faru da launin fitilun akwatin. Wannan rubutu shi ne hujjar da za a kai wa kamfani. In kamfanin bai saurara ba, akwai hukumomin da ke karɓar koke: ARCEP a Nijar da Cadi, ART a Kamaru, NCA a Ghana, NCC a Najeriya. Sayen sabon akwati ya dace ne bayan an gwada wata caja mai kyau, an sanyaya shi, an mayar da saitinsa, kuma wani akwatin da aka aro ya yi aiki lafiya a wuri ɗaya da layi ɗaya.