Gidan Song: abin da tsohon littafin duba na ƙasar Sin ya ce game da husuma

Yijing, wanda Turawa suka fi sani da I Ching, na ɗaya daga cikin littattafai mafiya daɗewa a ƙasar Sin. Ma'anar sunan ita ce littafin sauye-sauye. Asalinsa yana komawa zamanin daular Zhou ta Yamma, wadda ta yi mulki daga wajen shekarar 1046 zuwa 771 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Don duba aka fara amfani da shi, ana ƙirga tsinkaye 50 na wata ciyawa, daga baya kuma aka koma jefa kwabbai uku. Sannu a hankali malamai suka ɗora masa sharhi, har a shekarar 136 kafin miladiyya Sarki Wu na daular Han ya sanya shi cikin manyan littattafai biyar da gwamnati ta kafa wa kujerun koyarwa. Tun daga nan ya zama littafin hikima da siyasa, kuma ta wannan fuskar ce muke duba shi a nan, ba ta fuskar neman sanin gaibu ba.

Wanda ya san bugun ƙasa zai gane tsarin nan da nan. Masu bugun ƙasa na da gidaje 16. Yijing na da 64, kowane gida layuka shida ne jere bisa juna, wasu a haɗe, wasu a yanke. Gida na shida shi ake kira Song, wato jayayya ko kai ƙara. Layuka ukun sama alamar samaniya ce, ukun ƙasa alamar ruwa. Samaniya na yin sama, ruwa na gangarowa: kowa ya kama gabansa, wannan ƙarfi, wancan hatsari.

Muhimmin abu shi ne wurin da aka ajiye gidan. Na biyar yana da alaƙa da jira da ci da sha, na bakwai kuwa runduna ce. Wani tsohon sharhin littafin ya bayyana dalilin wannan jeri: a kan abinci rigima ke tashi, rigimar da ta girma kuma ita ke tara jama'a su zama mayaƙa. Mutumin Funtua ko Malumfashi ba ya bukatar a fassara masa wannan. A wannan yanki na masara da dawa da auduga, da yawa daga cikin husumar da ake kai wa mai unguwa a kan iyakar gona take, ko gādo, ko ɓarnar da shanu suka yi, ko burtalin da aka nome. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 aka yi ta, amma noma ya ci da yawa daga cikin labuka da hanyoyin shanu. Ba wannan kaɗai ya haifi ta'addancin daji ba, akwai satar shanu da bazuwar makamai da raunin hukuma. Sai dai yana cikin tushen, kuma ƙarshen abin kowa ya gan shi a Faskari da Sabuwa da Ɗandume, da kuma Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020.

Shawarar gidan Song gajeriya ce. Ko da mutum na da gaskiya, a cewar littafin, alheri na cikin tsayawa a tsakiyar hanya, tura magana har ƙarshenta kuwa ba ya haifar da ɗa mai ido. Ya kamata a nemi babban mutum ya shiga tsakani, kuma kada a ɗauko wani gagarumin aiki alhali gida bai daidaita ba. Layukan shida sai su bi matakan rigimar ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya nuna wanda ya saki zance tun yana ƙarami: za a ɗan yi gutsiri-tsoma a kansa, amma zai wanye lafiya. Na biyu ya kawo mutumin da ya ga abokin karawarsa ya fi ƙarfinsa, ya janye ya koma garinsu, da haka gidaje 300 na garin suka tsira. Wannan ƙirga gidajen abin lura ne, domin littafin na auna shari'a da yawan mutanen da za ta shafa, ba da girman zuciyar mai ƙara ba. Layi na shida shi ne na wanda ya yi nasara: an ba shi ɗamarar girmamawa, amma kafin hantsi ya wuce an tuɓe masa ita sau uku. Duk wanda ya taɓa cin shari'ar gona a kotun ƙasa, aka ɗaukaka ƙara, aka sake ɗaukakawa, har kuɗin lauya ya fi kuɗin gonar, ya san wannan ɗamara. Hausawa dai sun riga sun ce shari'a mace ce mai ciki.

Akwai abin zargi a nan, kuma bai dace a rufe shi ba. Wa'azin haƙuri da janyewa ya fi daɗi a kunnen mai ƙarfi. Talakan da aka ƙwace wa gonar gādo, idan aka ce ya koma gida, an gama da shi ke nan. Littafin bai bar wannan ƙofa a buɗe gaba ɗaya ba, domin layi na biyar, wanda shi ne mazaunin shugaba, ya nuna cewa kai ƙara gaban adalin mai hukunci babban alheri ne. Ke nan dukkan shawarar ta rataya ne a kan samun wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A tsarin gargajiya wannan matakala a shimfiɗe take, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, wato Sarkin Maska a Funtua ko Galadiman Katsina a Malumfashi, sannan alƙali. Inda aka daina yarda da matakalar, kowa sai ya nemi nasa hukuncin. Haka nan bai kamata a ɗauki gidan Song hujjar sasantawa da ɗan bindiga ba: magana yake yi a kan maƙwabta masu jayayya da baki. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla da 'yan bindiga a 2019 bai ɗore ba, domin lamarin ya riga ya fita daga gida na shida ya shiga na bakwai.

Sashen da ya fi amfanar ɗan kasuwa da ma'aikaci shi ne wanda ya ce mai hankali a farkon al'amari yake yin shiri, abin da mu muke cewa tun ran gini ran zane. Wang Bi, malamin da ya rayu daga 226 zuwa 249 miladiyya, ya yi sharhi a kai cewa rashin fayyace yarjejeniya ne ke haifar da ƙara, ya kuma jawo maganar Konfushiyas mai nuna cewa hana shari'a aukuwa ya fi iya yanke ta. Musulmi zai tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk da haka har yau ana ba da jinginar gona da baki, ana ba da bashin taki a biya da buhun masara bayan kaka ba tare da an faɗi farashin wace rana za a bi ba, na ranar karɓa ko na ranar biya. Idan farashi ya tashi a kasuwar Ɗandume tsakanin ranakun biyu, kowannensu zai rantse shi ne mai gaskiya, kuma babu takardar da dagaci zai duba.